Kamfanin Emdi Sahabi Ya Yi Taro a Tsakiyar Gulbi

Labarin da ya isa Gandi shi ne wai kamfanin Sahabi na Wurno ya sayi jirgin ruwa mai hawa uku. Kafin ya kai Rabah jirgin ya ƙara hawa ɗaya, har an ɗora masa masallaci a sama. A Goronyo akwai wanda ya rantse ya ga ana auna bakin madatsar ruwa da igiya don a ga ko jirgin zai iya wucewa. Wata tsohuwa a Boyekai kuwa ta ce ita ba ta gan shi ba, amma ta ji hon ɗinsa, kuma tun ranar kajinta ba su sake ƙwai ba.

To, jama'a, a kwantar da hankali. Babu jirgi. Kwalekwalen Mode masunci ne, wannan dai da ake tafiya ana kwashe ruwan cikinsa da ƙoƙo. Amma taro kam an yi shi, a tsakiyar gulbi, da shugaba da darakta da hatimi. Masu ƙarin gishiri sun wahalar da kansu a banza, don gaskiyar ta fi ƙaryar tasu daɗi.

Duk gabashin Sakkwato babu ɗan kasuwa kamar Sahabi. Sauran masu albasa buhu suke da shi, shi kamfani gare shi: Sahabi Rima Intanashinal Limitad. Shekara goma ke nan ba a kiransa da sunan da aka yanka masa rago. Emdi ake cewa, wato manajan darakta, kuma in ka ce Sahabi kawai sai kunnensa ya toshe, har sai ka gyara. Satifiket ɗin rajista yana rataye a zaurensa cikin gilashi, daidai inda baƙo zai ɗaga kai in ya gama cin tuwo. Hatimin kamfani, wani ƙarfe mai baki kamar na kada, yana da jakarsa ta fata, kuma an taɓa buga shi a kan katin ɗaurin aure, da takardar asibitin saniya, da wata wasiƙa da Emdi ya aika wa surukinsa yana neman aron jaki.

Asalin abin ba shi da tsawo. Wata shekara aka ce za a raba taki, amma sai mai kamfani. Sahabi ya sayar da buhu tara ya yi rajista. Takin bai zo ba har yau. Satifiket dai ya zo, kuma Allah ya sani ya fi takin amfani, don taki shekara ɗaya yake yi a gona.

Lokacin rajistar an ce masa sai ya kawo darakta na biyu. Ya duba dangi kaf, ya zaɓi wanda ya tabbata ba zai taɓa tambayar komai ba, wato Lauwali, ɗan kawunsa, taubashinsa. Lauwali ya yi makaranta har aji biyu na sakandare, sannan shi da makarantar suka rabu ba tare da an ji kansu ba. Sana'arsa zama a bencin mai shayi na bakin tasha yana gyara wa gwamnati kurakuranta. Tun suna yara shi da Sahabi kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma har yau ba a yanke wane ne ubangidan ba.

Babu wanda ya kai Lauwali yi wa kamfanin nan dariya. Shi ya raɗa wa Emdi Sarkin Hatimi, shi ya raɗa masa Garkuwan Gilashi. Amma a bayan babur ɗinsa an rubuta DARAKTA da jan fenti, kuma a wurin suna in an zo rabon nama, ba ya musu in an ce a miƙa wa Darakta cinya. Mu dangi ma kada mu yi baki, kowa ya ɗan lasa. Akwai wadda aka ƙara wa sadaki saboda an ce kawunta mai kamfani ne.

Ana nan, farkon damina, sai ga Surayya daga Sakkwato. 'Yar yayar Sahabi ce, uwar 'ya'ya uku, tana aiki a ofishin wani lauya inda ake yi wa mutane takardun kamfanoni. Ta same su a zaure, Emdi a kan kujera, Lauwali a kan tabarma yana taya shi cin gyaɗa. Bayan gaisuwa ta miƙa wayarta.

"Kawu, sunan kamfaninka ya hito cikin jerin da hukumar rajista tas saki."

Emdi ya gyara hula. Ya dubi Lauwali ta saman tabarau.

"Ka ji ko, bawana? Abuja ta san da ni. Na nawa nike cikin jerin?"

"Na dubu goma sha ɗaya da wani abu," in ji Surayya. "Jerin waɗanda za a soke na, Kawu. Kwana casa'in anka ba ku."

Sai ta yi musu bayani dalla-dalla, yadda ake yi wa mai jinya bayanin magani. Ashe kamfani ba rawani ba ne da za a naɗa sau ɗaya a zauna. Doka ta ce kowace shekara sai kamfani ya kai wa hukuma rahoto: yana nan da rai, ga adireshinsa, ga daraktocinsa, ga masu hannun jari, ga abin da ya aikata a shekarar. Wanda ya yi shiru shekara goma, hukuma za ta ɗauka ya mutu, ta goge sunansa daga rajista. Daga ranar satifiket ya zama hoton bango, kuma duk wanda ya ga dama zai iya zuwa ya nemi sunan.

"Har wani shi zama Emdi da sunana?"

"Har Mamman mai tireda in ya so. Amma abu mai sauƙi na. Ga waya za mu cika, in akwai sabis ko awa guda ba mu yi."

Nan ne Surayya ta yi kuskure. Da ta ce abin zai ci wata biyu da tafiya Abuja sau uku, da an gama a ranar. Emdi ya miƙe tsaye, ya harɗe hannuwa a baya.

"Ɗiyata, kin yi karatu amma ba ki san girma ba. Kamfani irin wanga ba a ba da labarinai ga waya kamar ana sayen kati. Sai an kira babban taron shekara. Sai daraktoci sun hallara ga hedkwata. Sai shugaba ya yi jawabi."

"Ƙaramin kamfani irin naka doka ba ta tilasta mishi taro ba, Kawu."

"Ƙarami," in ji Emdi a hankali, kamar wanda aka taka wa ƙafa a sahun salla.

Lauwali ya ga wasa ya samu. Ya ce ai Emdi ya yi gaskiya, taro dole ne, kuma taro ba ya yiwuwa da tsohuwar riga. Aka ba tela shadda, ta ci sati uku. Ya ce jawabi irin wannan sai an rubuta, aka yi sati biyu ana rubutu ana yagewa. Ya ce ranar taro sai an duba wadda ba ta karo da kasuwa, ba ta karo da suna, ba ta karo da zaman makoki. A Wurno kuwa irin wannan rana sai an tona. Kullum da hantsi sai Lauwali ya kai wa bencin mai shayi sabon babi, ana dariya har shayi na fita ta hanci.

Rana ta tamanin da biyar mai shayin ya miƙo masa kofi ya ce, "To Lauwali, in anka soke kamfanin, wa za ya goge hwentin babur ɗinka, kai ko mu?"

Aka yi dariya. Lauwali ma ya yi, amma tasa ba ta wuce haƙora ba. Sai a lokacin lissafin ya zo masa, cewa ramin da yake ta taya haƙawa mutum biyu zai ci. Sahabi ko an soke shi yana da albasa. Shi kuwa in aka cire Darakta, abin da ya rage Lauwali ne na benci, mai shekara arba'in da huɗu, wanda ake miƙa wa wuyan kaza. Bai gama shayin ba ya hau babur. A ranar ya kira Surayya har sau shida, ya sa aka karɓo rigar, ya tsayar da taro jibi, saura kwana uku wa'adi ya cika.

Saura hedkwata. A takardar rajista an rubuta Lamba Ɗaya, Titin Fadama. Lokacin da aka tambayi Sahabi adireshi bai ba da gidan da yake ciki ba, don gidan gado ne, yana tsoron kada 'yan'uwa su wayi gari su ce da su a kamfani. Sai ya ba da rudunsa na fadama, rumfar karan da yake ajiye albasa. Shekara huɗu bayan haka aka yi babban ruwa, gulbi ya ga hanyarsa ta dā ta ishe shi, ya sake wata, ya bi ta kan Lamba Ɗaya. Tun daga lokacin hedkwatar take ƙarƙashin ruwa, rani da damina.

Surayya ta ce a zauna a zaure a canza adireshi, layi ɗaya ne a fom. Emdi ya ce shugaba ba ya barin hedkwatarsa don ta shiga wani hali. Lauwali, wanda yanzu ko a kan bishiya aka ce a yi taro zai hau, ya tafi ya nemo Mode.

Haka aka shiga kwalekwale ranar Laraba da hantsi. Emdi a gaba cikin sabuwar shadda mai ƙara kamar ana taka busasshen kara, jakar hatimi a cinya. Surayya a tsakiya da lema da waya da takardu cikin leda. Lauwali a bayanta an ba shi ƙoƙo, don Darakta ne ya fi kusa da inda ruwa ke shiga. Mode yana tuƙi da dogon gora. Mutanen da ke wanki a bakin gulbi suka tsaya suna kallo, kuma daga nan ne jirgi mai hawa uku ya samo asali.

Da aka yi nisa Mode ya dubi wata tsamiya a gaɓa, ya dubi wata a ƙetare, ya soka gora cikin laka ya riƙe.

"Nan na. Ga rudunka ƙasa, zurhin gaba biyu."

Emdi ya so ya miƙe don jawabi, kwalekwale ya nuna bai yarda ba, ya koma ya zauna. Daga zaune ya buɗe taro. Ya yi maraba da manyan baƙi. Ya gode wa hukumar gudanarwa, wato Lauwali, wanda ya ɗaga ƙoƙo ya amsa. Ya ce kamfani ya tsallake shekaru goma na ƙalubale, ya ga hawa da saukar dala, ya ga annoba, bai kori ma'aikaci ko ɗaya ba. Ya ce idon duniya yana kan wannan taro. A lokacin idon da ke kansu na wata balbela ne.

"Kawu, sabis ya kawo," in ji Surayya. "Mu cika tun bai tahi ba. Daraktoci, kai da Kawu Lauwali. Hannun jari, kai da shi. To, mi kamfani yay yi cikin shekarun ga?"

Emdi ya gyara murya.

"Rubuta. Muna kai albasa Nijar da Kwatano da Gana. Tirela arba'in ko wace shekara. Ma'aikata ɗari biyu, ban da masu gadi."

"To madalla. In haka na, sai an kawo akanta ya binciki littahin ko wace shekara ya sa hannu. Kuma abin da munka rubuta nan, masu haraji na iya ganinai. Tirela arba'in sau goma, za su so su zo su gaishe ka."

Ba a jin komai sai ƙoƙon Lauwali.

"Rage tirelolin," in ji Emdi.

"Zuwa nawa?"

"Zuwa yadda ba su zuwa gaisuwa."

"Kawu, albasar da kaka saidawa, da sunan kamfani kaka saida ta?"

"Da sunana. Wa za ya sayi albasa ga Intanashinal? Sai su ce ta yi tsada."

"Kamfani na da asusu ga banki? Ya taɓa sayen wani abu, ko ya saida?"

Emdi ya dubi gaɓa. Lauwali ya dubi cikin ƙoƙo.

Sai Surayya ta zaro wata takarda daga leda, ta riga ta buga ta tun daga Sakkwato, don ta san kawunta. Layi uku ce. Tana cewa kamfanin Sahabi Rima Intanashinal Limitad, tun ranar da aka yi masa rajista har yau, bai gudanar da kasuwanci kowane iri ba. Daraktoci biyu su sa hannu, a haɗa da rahoton kowace shekara, a biya tarar jinkiri, suna ya tsira.

Emdi ya karanta da tabarau, ya cire ya sake karantawa ko za ta canza.

"Wato in sa hannu, da hatimina, cewa ban yi komi ba."

"Ba kai ba, Kawu. Kamfani."

"Ni da kamfani wa yar raba mu?"

Mode, wanda hannunsa ya fara gajiya da riƙon gora, ya sa baki don a yi a gama.

"Ni dai Emdi, wurin ga naka albarka gare shi. Tun da rudun yan nutse tarwaɗa ta maishe shi gida. Shekara shida nan nika kama na cehwane."

Fuskar Emdi ta washe kamar an kunna fitila.

"Kun ji. Ɗiyata, rubuta. Sashen kiwon kihi, shekara shida shina aiki cikin hedkwata. Ga manajan sashe nan riƙe da gora."

"In manaja na, sai a rubuta albashinai na shekara shida," in ji Surayya, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Kihina na," in ji Mode. "Ubana ma cikin gulbin ga yak kama. In kuma albashi za a ba ni, ban ƙi ba."

Aka rufe sashen kiwon kifi nan take, bai cika minti biyu da buɗewa ba.

Rana ta take. Ruwa ya kai wa shadda ga gwiwa, sitacin ya saki, rigar ta daina ƙara. Surayya ta ce sabis ya koma sanda ɗaya. Lauwali ya ajiye ƙoƙo, kuma a karo na farko tun suna yara ya yi wa taubashinsa magana ba da wasa ba.

"Sahabi, sa hannu. Takardar ga Abuja za ta, ba bakin tasha ba. Wa ka karanta ta? In ba ka sa ba, ranar Assabar ni da kai ba mu da suna."

Ya ce Sahabi, kuma kunnen bai toshe ba. Emdi ya daɗe yana kallon inda rudunsa yake a ƙasa. Sannan ya karɓi biro ya sa hannu, irin sa hannun nan nasa mai kama da ƙugiya uku sun sarƙe. Lauwali ya sa nasa da sauri har biro ya huda takarda. Surayya ta ce ba a bukatar hatimi. Emdi ya ce ana bukata. Ya ɗora takardar a gwiwa ya matsa bakin kadan a kanta da hannu biyu, kwalekwale ya karkata, Mode ya yi salati. Adireshi kuma aka mai da shi zauren gidan gado, tunda ruwa ya shiga har jakar hatimi, shugaba ya yarda hedkwata tana bukatar hutu. Tarar jinkirin shekara goma ba za mu shiga cikinta ba, buhunan albasar Emdi sun san abin da ya same su.

Da suka iso gaɓa mutane sun taru. Emdi ya fito yana ɗigar ruwa, ya ɗaga hannu ya ce an kammala babban taro cikin nasara, kuma hukumar gudanarwa ta amince da rahoto baki ɗaya. Wannan ma ba ƙarya ba ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Surayya ta aiko da hoto ta waya. Sunan kamfani ya fita daga jerin, an rubuta yana aiki. Emdi ya zo bencin mai shayi da kansa, abin da bai saba ba, yana nuna wa kowa wayar.

Lauwali kuwa, da ya tabbata fentin babur ɗinsa ya tsira, sai bakinsa ya dawo. Shi da ya ce takardar ba ta bakin tasha ba ce, shi ya tashi tsaye ya karanto ta da ka, layi uku cif, har da kwaikwayon yadda aka matsa hatimi a gwiwa. Benci ya kwanta da dariya. Ya rusuna gaban Emdi ya cire hula.

"Ranka shi daɗe, Sarkin Hatimi. Shekara goma, tirela babu, ma'aikaci babu, kihi na Mode. Duk ƙasar ga kai kaɗai gwamnati tat tabbatar ba ka aikin komi."

Emdi bai yi sauri ba. Ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi, ya sa wayar a aljihu.

"Gaskiya ta, bawana. Amma ni rashin aikina na da lamba, na da satifiket, kuma ko wace shekara gwamnati na son ta ji lahiyatai. Kai naka shekara arba'in da huɗu kana yi nai ga bencin ga, wa yat taɓa aiko maka ko da takarda guda?"